Likitar Albasa

Gidan Hajiya Maiturare, Rabah
4 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga Yayana, Alhaji Lawwali, Wurno.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗaliban zaure. Na gode da zuwanku ta'aziyyar maigidana, na gode da shinkafar da aka kawo. Allah ya bar zumunci, ya jiƙan wanda ya tafi.

Yaya, ba godiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Maganar ƙanenmu Sodangi ce.

Ranar addu'ar bakwai da ya shigo ɗakin da nake zaune na dube shi da kyau, domin mai takaba ba ta da aikin da ya wuce kallo. Ya shigo yana ware ƙafafu kamar mai ratsa fadamar shinkafa, hannu ɗaya a bango. Na ce ya dubi taga, ƙwayar idonsa ta yi ta rawa gefe da gefe ta ƙi tsayawa. Ya yi mini ta'aziyya, ya sha ruwa, ya sake yi mini ta'aziyya da kalmomin da ya gama faɗa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bakinsa cike da kanumfari, kuma babu magidancin da ke tauna kanumfari da rana tsaka don daɗi.

Sodangi giya yake sha, kuma ta fara cin ƙwaƙwalwarsa. Ga shi na rubuta kalmar, takarda ba ta kama wuta ba. Ka sani, na sani, matarsa Uwaliya ta sani tun zamanin da ake ginin dam ɗin Goronyo yana kwana a sansanin 'yan kwangila.

Ga abin da za a yi, kuma cikin satin nan, ba bayan layya ba. A kai shi babban asibiti a Sakkwato. A gaya wa likita a fili cewa yana sha, ya daɗe yana sha, kuma ba ya cin abinci. A yi masa allurar bitamin ɗin da ake kira tayamin, ta jijiya. Kada a bar kowa ya ɗaura masa ƙarin ruwa mai suga kafin wannan allura. Na san mutanenmu da ƙarin ruwa, in ba su ga leda a rataye ba gani suke ba a yi magani ba. A wannan ciwon ledar ce abin tsoro.

Kada ka tambaye ni ina na sani. Kusan shekara ashirin nake kan aiki ɗaya, binciken abin da giya ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ban manta ba cewa a Wurno ni likitar albasa ce. Ranar da na dawo daga Ingila aka tambayi Baba a zaure mi ɗiyarsa ta karanto, ya yi shiru, kai ka amsa cewa ilimin hana albasa ruɓewa ne. Ba wanda ya shawarce ni. Na kwana masaniyar ƙwaƙwalwa na wayi gari mai albasa, har yau.

Da ba ni cikin takaba da tuni na sa shi a mota da kaina. Ba ni da ƙafa sai taka. Ka gaida Gwaggo da yara.

Ƙanwarka,
Bara'atu

*

Wurno
7 ga Afrilu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Muhammadu Lawwali zuwa ga ƙanwarsa mai daraja, Dakta Bara'atu. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki. Allah shi ƙara miki haƙuri, shi haskaka kabarin Malam Mu'azu. Bayan haka:

Takardarki ta iso ta hannun Sale direba. Kin ce ba ta kama wuta ba. Ta kama, domin ni na ƙyasta mata ashana bayan na karanta. Gidan ga yara na da karatu kuma suna da hannu.

Na je Goronyo na ga Sodangi. Akwai rama, akwai gajiya. Mutumin da ke wuni kan kanal cikin zafin ga yana raba ma manoma ruwa, kowa na zaginsa, dole shi rame. Abokan aikinsa na cewa tun da ruwa ya cinye tsofaffin fadamu akwai iskokin da anka tasa daga mazauninsu. Ni ban ce iska ce ba, ban kuma ce ba ita ba ce. Na bar su da zancensu, domin zance ne da mutum ke warkewa daga gare shi ya koma cikin jama'a.

Wanda kika kawo ba a warkewa daga gare shi. Ki yi tunani. Mai rubuta kati a asibitin Sakkwato ɗiyar Mode ce na Achida. Abin da anka faɗa gabanta da hantsi, kafin la'asar ya shiga kasuwa. Sodangi na da ɗiya mata huɗu, babbar Mairo an fara tambayar aurenta. Ni kuma nake tsayawa gaban mutane sau biyar a wuni, a wurin da Baba ya tsaya, da kakanmu kafin shi. An umurce mu da suturta ɗan'uwa, kin karanta wannan a zauren da na karanta.

Ban yi banza da maganarki ba. Na saya masa ƙwayoyin bitamin a kemis, masu tsada, ba tare da na ambaci komi ba. Ana ba shi rubutu safe da yamma. Na ja shi gefe na yi masa nasiha, ya yi kuka, ya yi alkawari.

Game da albasa, ban faɗa don in rage ki ba. Na faɗa don tsohon nan shi iya ɗaga kai a zaurensa, kuma ya ɗaga har ya koma ga Allah.

Ki zauna ɗakinki, ki riƙe tasbaha. Haƙƙin mijinki ne. Wassalam.

Yayanki,
Lawwali

*

Rabah
9 ga Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka. Ka ƙone wannan ma, amma ka kai ƙarshenta tukuna.

Ƙwayoyin da ka saya ka watsa wa kaji. Hanjin da giya ta daɗe tana wankewa ba ya ɗaukar tayamin yadda ya kamata, ƙwaya za ta shiga ta wuce. Shi ya sa na ce allura.

Bari in yi maka bayani da abin da ka sani. Kana da injin ban ruwa a fadama. Fetur ne abincinsa. Amma in baƙin mai ya ƙare, ka cika tanki ka murɗa masa wuta, mi zai faru? Zai yi ƙara na ɗan lokaci ya ƙone. Ƙwaƙwalwa suga take ƙonawa dare da rana, tayamin ne baƙin manta. Na Sodangi ya kusa ƙarewa. Duk wanda ya ɗura masa suga ta jijiya yanzu, ya cika tanki ne ya murɗa wuta. Kuma ba ko'ina ke fara ƙonewa ba. Akwai wasu 'yan gurabe biyu can ƙasan ƙwaƙwalwa, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Ta nan abin da ya faru yau ke bi ya zama abin da za a tuna gobe. In sun lalace ba a sake su.

Waken nan biyu su ne rayuwata. Don su na zauna Ingila ina cin dafaffen dankali ba yaji. Don su nake kiwon fararen ɓeraye a jami'a a Zariya, ina auna musu giya da sirinji, ina yanka ƙwaƙwalwarsu sirara fiye da ɓawon albasa, tunda albasa kuke ganewa. In an ɗauke wuta ni ce wurin masu kifi ina roƙon ƙanƙara kada aikin rabin shekara ya narke, marigayi na biye da ni da kula a kafaɗa. An buga abin da na gano. Likitocin ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna rubuto mini tambaya.

A nan kuwa, jiya wata mata ta zo daga Tursa, ta gama gaisuwa, ta kwance gefen zane ta ajiye mini ruɓaɓɓiyar albasa a kan tabarmar takaba. "Dakta, rudun da muka ajiye albasa ya tashi haka, mi za mu zuba?" Na ce ta daina ban ruwa in an kusa cira, ta bar iska ta ratsa rudun. Abin da kowane jaki a fadama ya sani. Ta tafi tana sa mini albarka.

Ka ce in zauna. Zauren da ka tuna mini shi ya koya mini cewa mai takaba na fita da rana in akwai lalura, ta dawo ta kwana ɗakinta. Saboda haka na sami surukata Hajiya Maiturare tana tsintar wake cikin mata.

Na ce, "Inna, ina son in je Goronyo in dawo kafin magariba."

Ta ce, "Mi anka yi Goronyo?"

"Ƙanena ne ba lafiya."

"Allah shi ba shi lahiya. Ba shi da mata? Ba shi da wa? Ba likita garin?"

"Akwai. Amma ni na san ciwon."

Ta ɗago ta dube ni. "Ƙanen naki albasa na?"

Matan suka kwashe da dariya, har da mai goyo. Da suka lafa ta ce, "Hwaɗa min lalurar, ɗiyata. In lalura ta, ni da kaina za ni kiran mota."

Na buɗe baki, fuskar Mairo ta faɗo mini, na rufe. Na koma ɗaki kamar akuyar da aka kora daga shanya.

Ka gani ke nan. Tsohuwar nan ba ta kulle ni ba, takaba ma ba ta kulle ni ba. Kai ka kulle ni daga Wurno da magana guda da ka faɗa shekaru da suka wuce. Na aika wa Uwaliya 'yar takarda ta riƙe, na rubuta sunan allurar da gargaɗin ledar, ban rubuta kalmar da kake tsoro ba. Wannan shi ne iyakar biyayyar da ta rage mini. Ka kai shi Sakkwato, Yaya. Don Allah, don darajar wadda ta haife mu.

Ƙanwarka,
Bara'atu

*

Kwatas ɗin ma'aikata, Goronyo
13 ga Afrilu

Yaya Dakta,

Salamu alaikum. An kwan lahiya? Ya haƙuri? Allah shi ƙara haƙuri, shi jiƙan Malam Mu'azu. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji shida na tsaya.

Shekaranjiya Baban Mairo yat tashi za shi aiki, wai za a buɗe ƙohwar dam a sako ma masu shinkafa ruwa, sai ga shi ƙasa bakin ɗaki. Dama amai ya hana shi cin komi. Na aika Wurno, Yaya Alhaji yaz zo da mota. Nic ce Sakkwato, yac ce can idanu sun yi yawa, munka kai shi wani ƙaramin asibiti nan kusa.

Malamin asibiti yat tambaya, "Shina shan wani abu?" Yaya Alhaji yac ce, "Shayi." Yad dube ni, na sunkuyar da kai.

Da na ga an kawo leda sai na miƙa takardarki. Malamin ya karanta yac ce wa yar rubuta. Nic ce yayarshi ta, kuma dakta ta. Sai wani mutumen Kagara da ke jinya gadon gehe yac ce, "A'a, ai ita ta likitar albasa ta Wurno!" Malamin yay yi dariya, yac ce in albasarshi ta lalace za shi neme ki, amma wanga bawan Allah ya bushe, ruwa shika so. Na dubi Yaya Alhaji ko za shi yi magana. Shina jan tasbaha. Anka ɗaura leda, ta ƙare anka ɗaura wata.

Yaya, jiya da sahe ya tashi bai san inda shike ba. Ya kira ni da sunan Innarku da tar rasu. Ido ɗaya ya karkace ya koma wajen hanci. Shina barci shina zabura. Yac ce min wai jiya shina Legas wurin taro har minista ya ba shi hannu, alhali ni na wanke mashi baki jiyan. Malamin asibiti da kanshi ya tsorata, shina ta tambayata ko akwai abin da ba mu hwaɗa mashi ba. Yaya Alhaji ya koma Wurno don Juma'a na tahe, yac ce in ci gaba da ba shi rubutu.

An ce min mace ta gari tana rufa asirin miji. Na rufa shekara goma. Ni ke jefa kwalabe cikin masai tun yara ba su tashi ba. Yanzu ina kallon shi ban san mi nika rufewa ba, mutumin ba shi ciki. In kin ce in hwaɗi, in hwaɗi. Amma ni kaɗai ba a jin maganata. Ki zo.

Mairo na gaishe ki.

Ƙanwarki,
Uwaliya

*

Rabah
15 ga Afrilu

Yaya,

Salamu alaikum. Na san labari ya riga takardar nan isowa, amma gara ka ji daga bakin wadda ta yi.

Jiya da safe Sale ya kawo mini takardar Uwaliya. A tsaye na karanta. Na fita tsakar gida, Hajiya na zaune da masu zuwa gaisuwa, har da matar mai unguwa. Ban ja ta gefe ba. Na gaji da gefe.

Na ce, "Inna, kin ce in faɗi lalura. Ƙanena giya yake sha, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, in ba a yi masa allura yau ba zai mutu ko ya rasa hankalinsa. Na sani domin aikina ke nan. Ban taɓa binciken albasa ba. Giya nake bincike."

Wata ta ce a'uzu billahi, ta janye ƙafarta daga tabarmar da nake tsaye a kai.

Hajiya ta ajiye faifai. "Ke kina sha?"

"Ba na sha. Ɓeraye nake ba."

"Ɓeraye." Ta gyara zama. "Mu'azu ya sani?"

"Shi ke ba su abinci in na yi tafiya."

"Ja'irin yaro, Allah shi jiƙanai. Bai taɓa hwaɗa min ba." Ta juya ga matan. "Mi kuke kallo? Ku tashi ku kai labarin tun da zahinai, na ga ƙahwahunku na ƙaiƙayi." Ta sa aka kira mota, ta yafa mayafi ta shiga gaba, ta ce ita ce muharramata tunda mazan gidanmu sun yi nisa.

Mun ratsa Wurno ba mu tsaya ba. Na ga bangon zaure daga titi.

Abin da na tarar a Goronyo ba zan rubuta maka ba, ka gan shi kafin ka tafi shirin huɗuba. Malamin asibitin da na gaya masa gaskiya sai ya dafe kai ya ce, "Hajiya, sau uku na tambaya." Shi ya taimaka muka sa Sodangi a mota.

A Sakkwato wani yaron likita ya karɓe mu. Ya tambayi abin da aka tambaye ka. Kafin in buɗe baki Uwaliya ta ce, "Shina shan giya, likita. Shekara goma, kullum." Muryarta ta kai ƙarshen baranda. Mai rubuta kati, ɗiyar Moden da ta hana ka barci, ta rubuta ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce mu matsa mai bi ya zo.

Likitan bai taɓa jin sunana ba, bai kuma buƙaci ji ba. Da ya ji kalmar nan sai ya aika a kawo tayamin. Ka ji inda abin ya fi ƙona ni. Da Ingila, da ɓeraye, da ƙanƙarar masu kifi, duk abin da Sodangi yake bukata daga gare mu kalma ɗaya ce, wadda ko Gwaggo da ba ta san bihim ba ta iya faɗa. Mun riƙe ta a baki muna gaishe-gaishe.

Na tsaya har allurar ta shiga. Muka shigo Rabah ana kiran magariba, na kwana ɗakina, haƙƙin mijina bai taɓu ba.

Ba na neman gafararka kan abin da na faɗa. Ina roƙon Allah ya sa ban makara ba. Ka je ka gan shi, da rana, ta babbar ƙofa.

Bara'atu

*

Wurno
2 ga Mayu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƙanwata Bara'atu, aminci ya tabbata gare ki. Bayan haka:

Na je, ta babbar ƙofa. Idonsa ya daidaita, ya ci tuwo gabana, ya taka har bakin taga ba a riƙe shi ba. Ya san ni, ya yi min barkwanci kan furfura. Alhamdu lillahi.

Nan gida an yi ta zuwa ana yi min jaje kamar an yi rasuwa. Masu tambayar Mairo sun yi shiru. Sahu bai ragu ba a masallaci, sai dai ana saurin fita bayan sallama. Mutum biyu sun tsaya, kowane daban, kowane ya jira har anka watse. Ba zan faɗi sunansu ba. Suna son sunan allurar. Ki rubuto min shi da manyan baƙaƙe.

Abu ɗaya ya tsaya min. Na fita na yi alwala na dawo, sai ya miƙe ya rungume ni, ya ce yaushe na iso. Ke kin san abin nan. Ki gaya min gaskiya, ba sai kin tausasa ba: zai dawo yadda yake?

Yayanki,
Lawwali

*

Rabah
20 ga Yuli

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo. Na aika maka sunan allurar tun wancan lokaci, tambayarka ce na riƙe. Na so in duba da idona kafin in amsa.

Ka san Hajiya ta ba Sodangi da Uwaliya ɗakin baƙi tun da aka sallame shi, don in sa ido a kansa ba tare da na fita ba. Ƙofarsa na kallon tawa. Kullum ina gwada shi yadda aka koya mini. In ba shi suna uku ya riƙe, mu yi hira kaɗan, in tambaya. Babu ko ɗaya. In tambaye shi mi ya ci da safe, ya lissafa mini abincin da ba a taɓa dafawa a gidan nan ba, da fara'arsa, kuma ba ƙarya yake yi ba, rami ne ƙwaƙwalwa ke cikewa da abin da ta samu. Amma ka tambaye shi faɗin babban kanal, ko sunan jakin Baba mai cizo, zai ba ka daidai. Tsohon abu na nan. Sabo ne ba ya zama.

Amsarka ke nan. Ba zai dawo yadda yake ba. Zai rayu, zai yi ƙiba, zai yi salla in an tuna masa ya yi ko bai yi ba. Wataƙila ya ɗan ƙaru nan da shekara. Kada ka sa rai da fiye da haka. Ko da an yi allurar tun ranar da na fara rubuto maka zai tsira duka? Ban sani ba. Ina da ɓerayen da suka tsira da waɗanda ba su tsira ba. Ba zan ba ka tabbacin da ba ni da shi ba, ko don in ƙona ka.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Kowace safiya yana ganina cikin kayan takaba ya ce, "Yaya, wa ya rasu?" Da farko ina gaya masa. Ya zube ƙasa ya yi kuka kamar yanzu aka fito da gawa, domin wurinsa yanzu ne. Gobe ya sake tambaya, ya sake zubewa. Ranar da na ga Hajiya ta toshe kunne ta shige ɗaki, uwar mamacin ke nan, na daina. Yanzu cewa nake Malam Mu'azu ya yi tafiya, ni kuma wanki ne ban samu yi ba. Kada ka yi murmushi. Ni ma na zama mai rufa-rufa, kuma wannan ba ta da ranar fita.

Jami'a ta rubuto. Ɗalibaina sun riƙe ɓerayen, hutuna zai ƙare da takaba. Zan koma, ban iya wani aiki ba. Zan tafi da shi da Uwaliya da yaran, Mairo ta shiga makaranta can. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan sake sa ido a madubin bincike in dubi waken nan biyu a ƙone, in rubuta lamba a gefe, in tashi in je gida in tarar da shi a falo yana tambayata yaushe na iso.

Yau bayan mun gama karin kumallo tare na dawo ɗaki, Uwaliya ta leƙo ta ce ya nemi biro da takarda, wai zai rubuta wa yayarsa ta Zariya, a zatonsa yana Goronyo shekarun baya. Na ce ta ba shi.

Ka zo ka yi mana rakiya ranar tafiya.

Ƙanwarka,
Bara'atu

*

Goronyo
Litinin, 1987

Yaya Bara'a,

Salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya Zariya, ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai aiki ya yi yawa. Ruwa na ta hawa bayan dam, jiya na wuni kan kanal har wuyana ya ƙone.

Kin daɗe ba ki zo ba. Ko Zariya ta sa kin manta da ƙanenki? Ki zo da hutu, kifi ya yi araha.

Akwai wata tambaya da nake son yi miki, ta fannin aikinki na gaskiya. Wani abokina ne a nan wurin aiki, mutumin kirki, mai iyali. Yana ɗan sha. Kwanan nan ya ce ya fara mantuwa, ƙafafunsa na masa nauyi, abin ya fara ba shi tsoro, kuma ba shi da wanda zai gaya wa. Ko akwai magani? Ki rubuto mini ni kaɗai, kada Yaya Lawwali ya ji. Ba gaggawa, in kin samu lokaci.

Ki gaida Malam Mu'azu in ya dawo daga tafiya.

Ƙanenki,
Sodangi